Yadda Turawan Ingila Suka Mai da Ni Ɓarawon Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta mutanen Gazawa ba za su bar ni ba. Yau ga shi gemu ya yi fari, haƙoran gaba sun yi mini sallama, amma in na tuna da maraicen nan a filin lakol, wato makarantarmu ta boko, sai zufa ta karyo mini, raina ya ɓaci sabo fil kamar jiya aka yi. Rabin haushin na Turawan Ingila ne. Sauran rabin kuwa, in kun ji labarin ku da kanku za ku san mai shi.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ina saurayi, malamin lakol ne ni a Gazawa. Asalina mutumin Tibiri ne, aiki ya kawo ni. Gari duka Mushe ake ce mini, wato Malam da Faransanci, ni kuwa in na ji sunan sai in ƙara miƙe wuya. A ganina lokacin, daga kumandan, Baturen da ke mulkinmu, sai direktan lakol, daga direkta sai ni. (Shi ma direktan don ya girme ni ne na bar masa.)

Da bazarar shekarar, wata ranar kasuwa, sai ga manyan motoci biyu da ƙarama ɗaya sun shigo ta hanyar Katsina, cike da akwatuna da Turawa jajaye, rana ta gasa su kamar tsire. Ba irin Turawanmu na Faransa ba ne, na Ingila ne, wai masu yin fim. Sun zo da izinin kumandan, suna neman wanda zai tsaya tsakaninsu da jama'a. Direkta ya dube ni ya ce, "Kai da kake cewa ka iya Ingilishi, ga ranarka."

To, gaskiyar magana, Ingilishina bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba, shi ma a wajen gwaggota a Katsina na tsince shi lokacin hutu. Amma Allah ya rufa mini asiri, mai riƙe da kyamararsu ya yi yaƙi a ƙasar Faransa, yana jin Faransanci. Yara suka sa masa suna Jan Hanci. Babbansu, wanda muke kira Dogo, sai ya yi wa Jan Hanci magana, Jan Hanci ya faɗa mini da Faransanci a hankali, ni kuma in juya wa jama'a da Hausa ina ɗaga murya, ina gyaɗa kai wajen Dogo kamar daga bakinsa na ɗauko. Mutane suka ce lallai Mushe ya sha karatu.

Ban taɓa ganin masu aiki irin mutanen nan ba. Kowa da nasa, kuma ba mai taɓa na wani ko da sama za ta faɗo. Ran farko na ga wani faranti mai ƙyalli da suke haska fuska da shi iska na shirin kayar da shi, na ruga na tare. Maimakon godiya sai wani gajere ya taso mini da masifa kamar na taka masa uwa. Jan Hanci ya ce in yi haƙuri, ƙungiyar ma'aikatansu ce ta hana. Mai fitila ba ya taɓa kyamara, mai kyamara ba ya taɓa fitila, in aka saɓa sai duk su ajiye aiki. Ga shan shayi. Ana tsakiyar aiki, an tara mutane a rana, an yi shiru, sai wani ya dubi agogo ya yi magana, kowa ya watsar da abin da ke hannunsa ya nufi buta. Mu kuma mu tsaya muna kallonsu kamar waɗanda aka bar wa gadin rana.

A wajen shan shayin nan ne Jan Hanci ya riƙa ba ni labarin sana'arsu. Ya ce zamanin ubansa fim ba ya magana, sai dai a sa mai kiɗa a gefe. Ya ce da finafinan Amirka suka cika musu gidajen silima, gwamnatinsu ta yi doka cewa dole a riƙa nuna na gida, sai wasu kamfanoni suka shiga yin na gaggawa, marasa kan gado, don dai a cika doka, har akan nuna su da safe lokacin da masu shara kaɗai ke cikin ɗaki. Ya ce bayan yaƙi abin ya gyaru, an yi manya, amma yanzu wani sabon bala'i ya sauka, wani akwati mai hoto da kowa ke ajiyewa a ɗakinsa, mutane sun daina fita kallo. Shi ya sa suka taso har nan, su ɗebi rana da launi da dabbobi, abin da ɗan akwatin nan ba zai iya nunawa ba.

Mai hankali da ya ji haka zai gane rana da dabbobi aka zo nema. Ni abin da kunnena ya ji shi ne, silimar Ingila na shirin mutuwa, an zo Gazawa neman wanda zai cece ta. Don haka ranar da Dogo ya tsaya ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya sa aka tambaye ni ko zan yarda in shiga fim ɗin, ban ko bari Jan Hanci ya kai ƙarshen magana ba.

Aka ce in zo da tufafina mafi kyau. Na buɗe akwati na ɗauko babbar rigar marigayi mahaifina, shuɗiya mai aiki har ciki, wadda ko Sallah ba kullum nake sa ta ba, na ɗora jar dara. Aka tsayar da ni a gindin kukar kasuwa, aka tara mini jama'a. Jan Hanci ya ce, "Ka yi magana da ƙarfi, ka riƙa nuna hannu, ka buga ƙirji. Ka faɗi duk abin da kake so."

Duk abin da nake so! Jama'a, na yi jawabi. Wallahi har yau ban sake yin irinsa ba. Na yi magana a kan ƴancin da ke tafe, na ce lokacin bauta ya wuce, na ce a sa yara lakol, maza da mata, na ce ƙasar nan tamu ce, arzikinta namu ne, na buga ƙirji na nuna garken shanun da ke bayan kasuwa. Wata tsohuwa har da guɗa. Dogo ya yi ihu, aka tsaya, ya ce a sake. Na sake, na ƙara gishiri. Aka yi ta sakewa har muryata ta dushe. Ban lura ba, ko kuma ban sani ba, cewa murya da wani inji dabam ake ɗaukarta, kuma su ba su ma zo da shi ba.

Kashegari aka koma daji wajen Arɗo Buba, wani dattijon Bafulatani da ke da ruga yamma da gari, mutum mai raha da ba ya ganin abu ya ƙyale. An roƙe shi aron shanunsa. Aka ce in ja wata farar saniya in bi bayan wasu ƙayoyi da ita, ina tafiya a sunkuye, ina waige. Na tambayi dalili, Jan Hanci ya ce ai tsawona ne ya yi wa kyamara yawa. Na yarda.

Arɗo na zaune a kan tushen itace yana kallo, ya ce, "Mushe, wannan tafiya taka, aradu da dare na gan ta da na sa kibiya."

Na ce, "Arɗo, harkar fim ce, ba za ka gane ba."

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a. Nagge dai a maido mini."

Na ƙarshe shi ne gudu. Aka ce in taho a guje daga wajen wani tudu, in waiga baya da tsoro, in na iso wajen da aka ja layi in faɗi. Nan na ɗan yi turus. Malamin lakol, da rigar ubansa, ya faɗi a ƙasa gaban mutane? Jan Hanci ya ce kada in damu, gwajin haske ne kawai, ba lallai a sa a fim ba. Na yi gudu, na faɗi. Aka ce a sake. A wani zagayen ma ba da gangan na faɗi ba, rigar ce ta harɗe ni, na kifa da fuska, dara ta yi nata wuri, ƙafafu a sama. Dogo ya tafa har da tsalle. Ni kuma na tashi ina kakkaɓe ƙasa ina murmushi, wai na burge Bature.

Ranar da za su tafi suka ce suna roƙon rigar da hular, za a kai su babban gidan fim da ke kusa da London. Na so in hana, don rigar gado ce. Amma da na hango ta a rataye cikin gilashi, Turawa na wucewa suna cire hula, sai na naɗe ta da hannuna na miƙa. Suka ba ni agogon hannu. (Agogon ya yi aiki har damina ta faɗi, daga nan ya tsaya, amma na ci gaba da ɗaura shi shekara guda.)

Aka sami mulkin kai, aka yi shagali, aka ɗaga sabuwar tuta. Ni kuwa kusan shekara biyu ba ni da zance sai fim. A aji, in ana darasin ƙasashen duniya, sai in nuna Ingila a taswira in ce, "Nan ne ake kallona." A majalisa in aka kawo maganar siyasa sai in ce ai ni tun kafin a ba mu ƙasa na gaya wa Turawa gaskiya a idonsu, yanzu haka jawabina na yawo a duniya. In na je Tibiri, Baba Naino, yayan mahaifina wanda ya riƙe ni bayan rasuwarsa, ya tambaye ni rigar, sai in ce, "Baba, tana Ingila, ana girmama ta." Sai ya dube ni, ya ce, "To."

A lokacin ina neman Hajo, ɗiyar Alhaji Labo mai sayen gyaɗa. Yarinya ce mai kaifin baki, tana sona, amma ba ta taɓa barin cika bakina ya wuce ba tare da ta soke shi ba. Shi kuwa Alhaji mutum ne mai nauyi, ba ya son wasa, kuma bai gama yarda da ƴan lakol ba. Kullum ina neman abin da zan nuna masa ya san ba ƙaramin mutum zai ba ɗiyarsa ba.

Sai wata rana wani direban babbar mota da ke zuwa Kano ya tare ni a tasha. Ya ce, "Mushe, na gan ka a silima! Da kukar kasuwarmu da kai da shanun Arɗo!" Yana faɗa yana dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka murna ce. Na ce yaya jawabin? Ya ce, "Kai, Mushe, ai sai wanda ya gani." Ya shige mota yana share hawaye.

Ban zauna ba sai da na gano wani Bakatsine, Malam Iro, mai motar majigi, wanda ke yawo garuruwan bakin iyaka da tsofaffin finafinan da gidajen silima suka gama da su. Ya daɗe yana aiki da Turawan fim kafin ya tsaya da ƙafarsa, yana jin Ingilishi sosai. Ya ce zai iya samo shi. Na nemo izini a buro, wato ofishin hukuma. Na shawo kan Alhaji Labo ya ɗauki nauyin man motar, na ce masa alheri ne ga gari. Sannan na yi babbar dabara, na sa ranar kallon ta faɗo daidai da zuwan Baba Naino daga Tibiri don neman mini aure. Na ce a zuciyata, da dare a ga jawabi, da safe a tambayi aure, wa zai ce a'a?

Da la'asar ɗin ranar Malam Iro ya iso, muna ɗaura farin ƙyalle a bangon aji, ya jawo ni gefe.

Ya ce, "Malam, kai ne mai shuɗiyar riga?"

Na ce, "Ni ne, ka gane ni ke nan."

Ya ce, "Ka taɓa ganin fim ɗin nan kuwa?"

Na ce, "Ina wurin aka yi shi."

Ya ce, "Ba shi na tambaya ba. Mu shiga aji mu rufe tagogi in nuna maka kai kaɗai. In ka ga da gyara, ina da wani na noman auduga da na wasan ƙwallo, sai mu ce wancan ya lalace a hanya."

Kun ji mutumin kirki, ko? Kun san amsar da na ba shi? Na ce, "Malam Iro, kai aikinka juya inji. Abin da ke ciki bar wa waɗanda suka yi shi." Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Shi ke nan, Allah ya sa a tashi lafiya."

Ana sallame magariba fili ya cika. Ba mutanen Gazawa kaɗai ba, har daga ƙauyuka an zo a kan jakuna. Na sa aka fito da kujerun malamai aka jera a gaba: direkta, wani jandarma, Alhaji Labo, Baba Naino, sai Arɗo Buba da sandarsa. Mata na gefe guda, Hajo a cikinsu. Ƴan ajina na zaune a ƙasa a gaba, na umarce su su saurari jawabin da kyau don gobe zan yi tambaya a kai. Na karɓi lasifika na yi gabatarwa mai tsawo. Na rufe da cewa, tunda Turawa sun juya maganar zuwa harshensu don duniya ta ji, Malam Iro zai mayar mana da ita Hausa. Na juya gare shi a gaban kowa na ce, "Kalma da kalma. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Na ce kada ka rage ko ɗaya."

Inji ya tashi. Aka fara da wani kyakkyawan Bature mai farin wando da wata Baturiya, suna ta zance a cikin wani ɗaki. Ba mu taɓa ganinsu ba, ba sa cikin waɗanda suka zo. Malam Iro ya ce wannan likitan dabbobi ne, ya zo ceton shanun talakawa daga wani mugun ɓarawo. Sai ga kukar kasuwarmu. Fili ya ɗauki sowa. Kowa na nuna kansa, ga wance, ga wane, ga rumfar mai tsire. Amma ba a jima ba sai hoto ya juya, ga wasu mutane tsirara daga su sai ganye, suna tsalle riƙe da mashi kewaye da wuta, sannan aka dawo kan kukar, kamar dai a bayanta suke. Sowar ta ragu. Na ji wata mata ta ce, "Su wane ne waɗannan? A garin nan?" Alhaji Labo ya yi gyaran murya.

Sai ga ni.

Shuɗiyar riga, jar dara, hannu a sama. Wallahi na yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Yara suka yi ihu, "Mushe! Mushe!" Na gyara zama. Bakina ya buɗe a jikin ƙyalle, sai wata murya ta fito, ƙatuwa, mai gurnani kamar ta bunsuru da mura, tana wani kakkaryayyen Ingilishi tana dariyar mugunta. Ba tawa ba ce, ban taɓa jin ta ba.

Malam Iro ya janye baki daga lasifika. Baba Naino ya juyo ya ce, "Mi shika cewa?"

Iro ya dube ni. Ni kuwa, da sauran taurin kai, na ɗaga masa hannu alamar ya yi aikinsa. Ya ja numfashi ya sa baki a lasifika.

"Ya ce, ni ne sarkin ɓarayin ƙasar nan."

A daidai nan na buga ƙirji a jikin ƙyalle.

"Ya ce, duk saniyar da kuke gani tawa ce."

Na nuna hannu, aka nuno garken Arɗo.

"Ya ce, wanda ya hana ni zan ƙone gidansa. Ya ce ku kawo mini giya."

Aka nuno tsohuwar nan tana guɗa.

Da farko shiru aka yi, irin shirun da ake yi in liman ya yi tuntuɓe a karatu. Sai Arɗo Buba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce da ƙarfi, "Aradu na faɗa! Mushe, ashe kai ne! Shekaran nan nagge na guda ya ɓace, ina ta zargin kura!" Filin nan ya fashe da dariya. Jandarma ya sunkuya yana dukan cinya. Direkta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

Ni dai na so ƙasa ta tsage, amma fim bai gama da ni ba. Aka matso da hoto kusa, sai ga rigar mahaifina da darata a jikin wani ƙaton mutum mai kumatu, wanda ban taɓa gani ba, zaune cikin wata bukka da ba irin ginin ƙasarmu ba, ya kafa kwalba a baki, abin yana zuba a kan aikin rigar, yana goge baki da hannunta. Wani yaro daga ƴan ajina ya ce, "Kai, Mushe ya yi ƙiba a Ingila!" Daga nesa ni ne, daga kusa shi ne, haka aka yi ta musanya mu. Ga ni ina jan farar saniya a sunkuye ina waige. Ga shi yana lashe baki.

Baba Naino bai yi dariya ba. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce a hankali, "Wagga ba rigar ubanka ta ba?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "Girmamawar ke nan?"

A daidai lokacin aka nuno zaki. Zaki, a Gazawa! Ƙato mai gashin wuya, yana gudu cikin wata doguwar ciyawa kore shar, da wani dutse a bayansa mai farin kai. Sai a nuno ni ina gudu a busasshiyar ƙasarmu ina waige, sai a nuno zaki, sai a nuno ni. Yara suka miƙe tsaye suna ihu, "Gudu, Mushe! Gudu!" Wasu kuma, waɗanda na taɓa zanewa, zakin suke ba ƙarfi. Sannan aka kawo faɗuwar. Ba ta gangan suka ɗauka ba, ta gaskiyar suka zaɓa, fuska a ƙasa, ƙafafu a sama, wando a fili. Baturen nan mai farin wando, wanda bai taɓa taka ƙasar Gazawa ba, ya harbe zakin, ya zo ya ɗaga ƙaton nan da wuyan rigar ubana ya kwaɗa masa mari.

Ban san sa'ad da na miƙe na tsaya gaban ƙyallen ba, na ware hannuwa, hoto na yawo a ƙirjina, ina ihu, "Ƙarya ne! Ba haka na ce ba! A kashe!" Jama'a suka ce in matsa, ina tare musu. Har da jifa da ɓawon gyaɗa. Aka ja ni gefe, aka ƙarasa kallo. Da aka gama ma sai suka roƙi Malam Iro ya maimaita wajen faɗuwar, shi kuwa don ya nuna gwaninta ya juya inji da baya, na tashi daga ƙasa dara ta koma kaina na ruga da baya. Wannan ya fi komai kashe su.

Da jama'a suka watse na tsaya kan Malam Iro yana naɗe kaya, ina ta zuba masa faɗa kamar shi ya yi fim ɗin. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Malam, haka aikin yake. Waɗanda suka zo nan ƴan ɗibar hoto ne kawai, manyan ƴan wasan ba sa barin Ingila. Bukkar nan da ka gani cikin wani ƙaton zaure aka gina ta, fitilu ne ranarta. Zakin da masu ganyen tsofaffin hotuna ne na wata ƙasa, suna ajiye a ma'aji, duk mai so ya yanko. Akwai mai almakashi da ke zaune a ɗaki yana yankewa yana liƙawa, akwai mai ba da murya. Kai bayanka da gudunka suke so, don kada su biya wa wancan ƙaton kuɗin jirgi. Rigar kuwa dole su tafi da ita, in ba haka ba yaya za a ce mutum ɗaya ne?"

Wato ni ban ma kai ɓarawon ba. Bayan ɓarawon ne ni.

Har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Mutane su zo garinku, ku ba su ruwa, ku tsaya musu a rana, ku ara musu dukiyarku, su koma su liƙa muku tsiraici da zaki, su cire maganar bakinku su sa tasu. A shekarar da muke murnar mun karɓi ƙasarmu, ni ina can ƙasashen duniya ina neman giya da muryar bunsuru. Kuma jawabin nan, mafi kyawun abin da ya taɓa fita daga bakina, ba wanda ya adana shi sai kukar kasuwa.

Da safe na ce wa Baba Naino mu ɗaga maganar auren. Ya ce, "Ba ni tahowa tun daga Tibiri in koma hannu wofi don kai ka yi wauta. Tashi mu tahi." Na bi shi kamar akuyar da za a kai kasuwa, yara na biye da mu daga nesa suna gurnanin zaki. Na tsaya a waje, shi ya shiga zauren Alhaji Labo. Baba ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Wai Alhaji Labo ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi da ma abin da ke hana shi ba ni Hajo girman kai ne, yana tsoron mutumin da bai taɓa jin kunya ba. Ya ce, "Amma jiya an yi masa wankan da ya ishe shi har tsufa. Na ba shi. Sai dai ku gaya masa, shanuna biyu ne a bayan gida, na san adadinsu."

Hajo kuwa, da na je wurinta da yamma ina sunkuyar da kai, ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuska. Ta ce, "Ni ban ga abin kunya ba. Ko ba komai na san in zaki ya shigo gari, mijina ba zai tsaya gardama ba." Sai ta tuntsire da dariya, har ta zauna a ƙasa.

Sunan Ɓarawon Shanu ya bi ni har na bar aiki. Yaran da na koyar sun zama manya, wasu har da buro nasu, amma in mun haɗu sai su durƙusa su gaishe ni da ladabi, in na juya baya in ji ana ƙunshe dariya. Arɗo Buba, Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai daina aiko mini da nono ba, da saƙon wai gara ya ba ni da hannunsa da in zo da kaina.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Turawan sun cuce ni, wannan ba na yafe shi da sauƙi. Sai dai su a London suka yi tasu cutar, ba su ne suka share fili suka jera kujeru suka gayyato suruki ba. Tun daga ranar, ko miya aka ce an yi don ni, sai na ɗanɗana a ɓoye kafin in kira baƙi.